Darasi: Shaƙar Magani ga Mai Daɗaɗɗen Ciwon Toshewar Huhu

Manufofin darasi

Idan aka kammala wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

- bayyana abin da ke faruwa a ƙirjin mai wannan ciwo;
- bambance maganin agaji da maganin kullum;
- nuna da hannunsa yadda ake shaƙar magani mai feshi da mai gari;
- lissafa ranar da magani zai ƙare;
- gane alamomin da ke cewa a garzaya asibiti.

Ciwon da ke shigowa da sanɗa

Da wuya a sami unguwar da babu wani dattijo da aka sani da tari. Tun kafin a tada sallar asuba maƙwabta sun ji shi yana kakarin fitar da majina. Shekara goma baya shi ne mai dawowa daga gona da dami a ka. Yanzu tsakanin zaure da masallaci sai ya dafa bango ya huta. Iyalinsa su ce tsufa ne, abokai su ce sanyi ne ya shige shi, mai kemis ya ce asma ce. Sau da yawa duk ba su ba ne. Ciwo ne da ke toshe hanyoyin iska a cikin huhu sannu a hankali, wanda likitoci ke rubutawa a kati da haruffa huɗu, COPD.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon ya kashe mutum miliyan 3.5 a shekarar 2021, ya zama na huɗu cikin abubuwan da suka fi kisa a duniya. Kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda yake kashewa kafin su cika shekara 70 mutanen ƙasashe ne masu ƙaramin ƙarfi da matsakaicin ƙarfi.

Iskar da mutum ya shaƙa tana bin maƙogwaro, ta rabu zuwa huhun dama da na hagu, ta ci gaba da bin ƙananan hanyoyi da ke ƙara sirancewa har ta isa wasu 'yan jakunkuna, ɗaruruwan miliyoyi, inda iskar oksijin ke shiga jini. Wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya san zugazugi: fata ce mai laushi da ke cika da iska, a matsa ta, iskar ta fice ta bakin bututu. Idan fatar ta saki, bakin bututun kuma ya cushe da toka, ko an matsa iska ba ta gama fita. Haka huhun mai wannan ciwo yake. Hanyoyin sun kumbura sun cika da majina, jakunkunan sun saki, tsohuwar iska ta maƙale a ciki ta hana sabuwa wuri. Shi ya sa fitar da numfashi ya fi ba shi wahala a kan jawo shi.

A ƙasashe masu arziki taba sigari ce ke jawo fiye da kashi 70 cikin 100 na ciwon. A ƙasashe masu tasowa rabon taba bai wuce kashi 30 zuwa 40 ba, hayaƙin girki kuma yana cikin manyan dalilai. Wannan magana ta shafi gidajen Hausa kai tsaye. Matar da ta yi shekara talatin tana hura ɗanyen ice ko kara a madafin da ba shi da taga, da mai tuyar ƙosai, da mai tukubar tsire, da mai bandar kifi, duk suna iya kamuwa ko da ba su taɓa kai sigari baki ba. Wanda ya taɓa yin tarin fuka ya warke ma, tabon da ciwon ya bari a huhunsa kan iya kai shi ga wannan hali.

Ana tabbatar da ciwon ne da awon hurawa: mutum ya cika ƙirjinsa ya hura da iya ƙarfinsa cikin wata na'ura. Idan bayan an ba shi maganin buɗe ƙirji iskar da ya fitar a daƙiƙar farko ba ta kai kashi 70 cikin 100 na dukkan abin da ya hura ba, hanyoyin sun toshe. An fi samun wannan awo a manyan asibitoci. Kafin a kai can, duk tarin da ya wuce mako biyu a fara kai kaki a gwada tarin fuka, domin maganin shaƙa ba ya kashe ƙwayar tarin fuka.

Akwatin kalmomi na 1
Daɗaɗɗen ciwon toshewar huhu: ciwon da ke ƙuntata hanyoyin iska na dindindin. Ba ya warkewa gaba ɗaya, amma ana samun sauƙinsa sosai da magani.
Asma: ciwon da hanyoyin iska ke tsukewa lokaci-lokaci su sake buɗewa. Yakan fara tun ƙuruciya, shi kuwa wancan ya fi bayyana bayan shekara 40.
Inhela: 'yar na'urar da ke kai magani cikin huhu ta hanyar numfashi.

Dalilin da ya sa ake shaƙa maimakon haɗiya

Mutane da yawa sun fi yarda da allura, sai ƙwaya, abin shaƙa kuwa suna yi masa kallon wasa ko kuma kallon tsoro. Lissafi kaɗan zai warware wannan. Ƙwayar maganin buɗe ƙirji na salbutamol guda, mai miligiram 4, maikirogiram 4,000 ke nan. Feshi ɗaya na inhelar salbutamol maikirogiram 100 ne. Ƙwaya ɗaya ta ninka feshi ɗaya sau 40. Ita ƙwayar sai ta bi ciki, ta shiga jini, ta zaga zuciya da hannuwa da ko'ina kafin wani abu ya kai huhu, shi ya sa mai shan ta ke kuka da rawar hannu da bugun zuciya. Feshin kuwa inda ciwon yake nan yake sauka, ya fara aiki cikin 'yan mintuna.

Inhela ba sabon abu ba ce. Kamfanin Riker na Amurka ya fitar da mai feshi ta farko a 1956, salbutamol kuma ya shiga kasuwa a Birtaniya a 1969 da sunan Ventolin. Fiye da shekara hamsin ke nan ana amfani da shi.

Akwai maganganu biyu da ke yawo a gari waɗanda suka hana bayin Allah da yawa samun sauƙi. Ta farko, wai wanda ya fara inhela ya kamu ke nan, ba ya iya dainawa. Maganin ba ya bugarwa, ba ya kama jiki irin kamun taba. Ciwon ne ba ya tafiya, don haka buƙatar maganin ba ta tafiya. Ta biyu, wai sai ciwo ya ci ƙarfin mutum ake ba shi ita. Gaskiyar ita ce da ita ake farawa. Abin da ya kamata a ji tsoro shi ne abin da mutane ke gudu zuwa gare shi: ƙwayoyin dexamethasone da prednisolone da ake saye a kemis ana sha wata da watanni ba da umarnin likita ba. Suna kawo sauƙi na 'yan kwanaki, sannan su bar mutum da kumburin fuska, da hawan jini, da ciwon suga, da ƙashi mai saurin karyewa.

Maganin agaji da maganin kullum

Maganin agaji shi ne na lokacin da numfashi ya sarƙe. Salbutamol ne aka fi sani, galibi cikin shuɗiyar roba. Yana sassauta naman da ya shaƙe hanyoyin iska cikin kamar minti biyar, aikinsa ya ɗauki awa 4 zuwa 6. Wannan a aljihu yake kwana, da shi ake zuwa kasuwa da gona da masallacin Juma'a.

Maganin kullum aikinsa riƙe hanyoyin a buɗe dare da rana da rage yawan tashin ciwo. Tiotropium sau ɗaya ake shaƙarsa a yini, yana aiki awa 24. Salmeterol da formoterol awa 12 suke yi, safe da yamma ke nan. Ana shaƙar su a kan lokaci ko da mutum ya wayi gari garau, domin wannan garau ɗin aikinsu ne. Wasu inhelolin an haɗa musu da maganin rage kumburi, irin su budesonide ko fluticasone, kuma likita kan ƙara shi ga wanda ciwonsa ke yawan tashi. Mai shaƙar irin wannan dole ya kurkure baki ya tofar duk bayan shaƙa, in ba haka ba farin tabo mai zafi kan fito masa a harshe da cikin kumatu, murya kuma ta dishe.

Tiotropium da ɗan'uwansa ipratropium kan busar da baki. Dattijon da fitsari ke yi masa wuyar fita, da mai hawan jinin ido, su faɗa wa likita tun kafin a rubuta musu, kuma a kiyaye kada feshin ya shiga ido.

Launin roba ba abin dogaro ba ne, kamfanoni sun bambanta. Wanda bai iya karanta sunan ba tukuna, a ɗaura masa jan zare a jikin na agaji tun a gaban mai ba da magani.

Misali na 1. A ɗauka wata mai tuyar ƙosai an ba ta inhela biyu, ta agaji da ta kullum. Bayan mako uku ta ji ƙirjinta ya saki, ta ajiye ta kullum a kan kwabet da nufin tattali, tunda ta fi tsada. Hunturu na shigowa ciwo ya tashi, sai da ta kwana uku a asibiti, ba tuya ba ciniki, ga kuɗin gado. Ba ta yi haka don sakaci ba, ba a bayyana mata bambancin magungunan biyu ba ne. Da ta san cewa ta kullum ce ta kawo sauƙin, da ba ta ajiye ta ba. Idan kuma kuɗi ne matsalar, da ta koma ta faɗa wa likita a nemi mai sauƙin farashi.

Akwatin kalmomi na 2
Maganin agaji: mai saurin aiki, na lokacin da numfashi ya sarƙe.
Maganin kullum: mai dogon aiki, ana shaƙarsa a kan lokaci, da ciwo ko babu.
Tashin ciwo: kwanakin da haki da tari da majina suka ƙaru fiye da yadda aka saba.

Yadda ake shaƙar mai feshi

Nan ne zuciyar darasin. A 2016 wasu masu bincike sun tattara nazarce-nazarce 144 da aka yi daga 1975 zuwa 2014 a kan mutum fiye da 54,000, suka tarar kashi 31 cikin 100 ne kawai ke shaƙar maganinsu daidai, kuma a tsawon shekara 40 ɗin nan abin bai gyaru ba. Mutum zai sayar da akuya ya sayi magani mai kyau, ya fesa shi a harshe, ya haɗiye da yawu, sannan ya ce maganin jabu ne.

Mai feshi gwangwani ne ƙarami a cikin roba mai baki. Mutum ya miƙe tsaye ko ya zauna ƙirji a miƙe. Ya cire murfi ya leƙa cikin bakin, domin abin da ya kwana a aljihu ba ya rasa ɓawon gyaɗa ko guntun goro. Ya riƙe ta a tsaye, gwangwani a sama, baki a ƙasa, babban yatsa a gindi, manuni a kai, ya girgiza ta sosai. Idan sabuwa ce ko ta yi kwanaki ba a taɓa ta ba, ya fesa a iska yadda takardar cikin kwali ta nuna.

Sai ya kau da kai gefe ya fitar da numfashi a hankali har ya ji ƙirji ya sauka. Wannan mataki yana cikin waɗanda aka fi tsallakewa, alhali huhun da ke cike ba shi da wurin karɓar magani. Ya sa bakin robar tsakanin haƙora ba tare da cizo ba, ya rufe leɓɓa ruf, harshe a kwance. Ya fara jan iska ta baki a hankali, yana farawa ya danna gwangwanin sau ɗaya, ya ci gaba da ja ba tsayawa na daƙiƙa 3 zuwa 5 har ƙirji ya cika. Ya cire inhelar, ya rufe baki, ya riƙe numfashi yana ƙirga ɗaya zuwa goma a zuci, ko iya abin da ya samu. Sannan ya saki a hankali.

Idan feshi biyu aka rubuta, ya jira kamar rabin minti, ya sake girgizawa, ya maimaita tun daga fitar da numfashi. Ba a danna biyu a ja ɗaya.

Misali na 2. A ɗauka wani tsohon direban babbar mota ya koma asibiti yana cewa maganin ba ya yi masa komai. Malamar asibiti ta ce, “Baba, don Allah ku yi yadda kuka saba yi a gida in gani.” Ya ciro inhelar, bai girgiza ba, ya danna sau biyu fat-fat, ya ja da ƙarfi, farin tururi ya biyo ta gefen bakinsa da hanci. Ya ce, “Kin gani, 'yar nan, ɗaci kawai nake ji a maƙoshi.” Ta ce, “Ɗacin nan, Baba, shi ne maganin da bai shiga ba. Ku fara fitar da numfashi, ku ja a hankali, sannan ku danna.” Kurakuransa huɗu ne: rashin girgizawa, rashin fitar da numfashi, danna biyu a tare, da fizgar iska. Tururin da ya fito shaida ce da kowa zai iya dubawa da kansa a gaban madubi.

Ya kamata duk zuwa asibiti mai ciwo ya tafi da inhelarsa ya shaƙa a gaban ma'aikacin lafiya, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Hannu yakan koma tsohon kuskure bayan 'yan watanni.

Gorar shaƙa

Haɗa danna da ja a lokaci guda yana ba tsofaffi wahala, balle mai rawar hannu ko wanda numfashi ya sarƙe wa. Gorar shaƙa ce maganin wannan. Roba ce mai faɗin ciki, ana cusa inhela a gindinta, a shaƙa ta bakinta. Feshin yana tsayawa a ciki na ɗan lokaci, mutum ya ja shi a nutse, wanda ke maƙalewa a baki ya ragu, wanda ke isa huhu ya ƙaru. A girgiza, a cusa, a sa baki, a danna sau ɗaya, a ja nan take a hankali a riƙe. Wanda ba ya iya riƙewa ya yi numfashi huɗu ko biyar na yau da kullum bakinsa na jikin gorar.

Ba kowane kemis ke da ita ba. A 1999 likita Heather Zar da abokan aikinta a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu sun wallafa bincike a kan yara masu asma, suka nuna cewa gorar roba ta lemo mai rabin lita tana aiki daidai da wadda ake sayarwa. Ana huda gindin gorar daidai girman bakin inhela, yadda zai shige ba gefen da iska ke zurara, a shaƙa ta bakin da ake sha. Wanda ya yi tasa ya kai wa ma'aikacin lafiya ya duba.

Ana wanke gora da ruwan sabulun wanke-wanke kamar sau ɗaya a wata, a kife ta ta bushe da kanta. Kada a goge cikinta da tsumma, gugar tana sa magani ya riƙa manne wa jikin robar.

Yadda ake shaƙar mai gari

Wannan ba ta fesawa. Garin magani ne mai laushi, ƙarfin numfashin mutum ne ke ɗebo shi. Saboda haka dokarta ta saɓa wa ta farko: mai feshi a hankali ake ja, mai gari da ƙarfi da zurfi tun daga farko. Ba a girgiza ta, ba a sa mata gora.

Iri-iri ce. Turbuhaler ana riƙe ta a tsaye a murɗa gindinta gaba da baya har a ji ƙas. Accuhaler, wadda wasu kwalaye ke kira Diskus, ana buɗe ta a tura wani ɗan hannu. HandiHaler kuwa kafso ake sa mata a ciki, a rufe, a danna maɓallin gefe sau ɗaya ya huda kafson. Idan an ja daidai za a ji shi yana karkarwa, kuma ana ja sau biyu don a kwashe garin duka. Kafson nan na shaƙa ne, ba a haɗiye shi, ba a kuma ɓare shi daga ledarsa sai lokacin amfani.

Babban abokin gabar gari laima ce. Kada a taɓa hura numfashi cikin na'urar, a kau da kai a fitar da shi gefe. Da damina a rufe ta da kyau, bakinta kuma a goge shi da busasshen ƙyalle. Wasu ba sa jin ɗanɗanon komai bayan sun shaƙa sai su ƙara. Garin kaɗan ne ƙwarai, rashin jin sa ba ya nufin bai shiga ba. Wanda ƙarfinsa ya ragu har ba ya iya ja da ƙarfi ya sanar da likita a mayar da shi kan mai feshi da gora.

Akwatin kalmomi na 3
Mai feshi: inhelar da ake dannawa ta feso magani. Ana ja a hankali.
Mai gari: inhelar da numfashi ke ɗebo garin magani daga cikinta. Ana ja da ƙarfi.
Gorar shaƙa: robar da ke shiga tsakanin baki da mai feshi.

Lissafin feshi da wurin ajiya

Gwangwani na iya ci gaba da huci da motsin ruwa a ciki bayan maganin ya ƙare, domin iskar da ke tura shi ta saura. Jefa shi cikin ruwa a ga ko zai nutse ba ya nuna gaskiya, yana ma ɓata shi. Wasu inhelolin suna da lambar da ke raguwa. Wadda ba ta da ita sai lissafi.

Misali na 3. An rubuta wa wani manomi feshi 2 da safe, 2 da yamma, gwangwanin kuma na feshi 120 ne. A yini yana shaƙar 2 + 2 = 4. A raba 120 gida 4, an sami 30. Idan ya fara ranar 1 ga Afrilu, feshinsa na ƙarshe ranar 30 ga Afrilu ne. Sai ya rubuta wannan rana a jikin kwalin, ya nemi sabo mako guda kafin ta zo.

Na agaji ba shi da tsayayyen lokaci, don haka a riƙa jan layi a takarda duk feshi. Gwangwanin salbutamol yakan zo da feshi 200. Ƙa'idar da aka saba ita ce feshi ɗaya ko biyu idan an buƙata, ba fiye da sau huɗu a yini ba. Wanda ya ga yana wuce haka, ko gwangwani ba ya kai masa wata, ciwonsa ne ke neman a sake duba shi.

Takardar yawancin inheloli ta ce a ajiye su ƙasa da digiri 25 ko 30 na zafi. A Sakkwato da Maiduguri da Damagaram zafin Afrilu yakan haura digiri 40, cikin motar da aka rufe a rana kuwa ya fi haka nesa. Gaban mota, ƙarƙashin kujerar babur, bakin taga da kusa da murhu duk ba wurin ajiya ba ne. A nemi ƙuryar ɗaki mai inuwa. Gwangwanin da ya ƙare kada a huda shi, kada a jefa shi bolar da ake cinna wa wuta, yana fashewa. Robar salbutamol ana cire mata gwangwani sau ɗaya a mako a ɗauraye ta da ruwan ɗumi, ta bushe sarai kafin a mayar. Wajen saye a Nijeriya a duba lambar NAFDAC da ranar da maganin zai daina aiki.

Hayaƙi, hunturu da azumi

Inhela tana buɗe abin da ya rage na huhu, ba ta mayar da abin da ya lalace. A 1977 Charles Fletcher da Richard Peto sun wallafa sakamakon bin diddigin ma'aikata maza a Landan, suka nuna cewa wanda ya bar taba ƙarfin huhunsa da ya tafi ba ya dawowa, amma saurin lalacewar yana raguwa ya kusanci na wanda ba ya sha. Barin taba da shisha shi ne babban abin da mai ciwo zai yi wa kansa, ko shekarunsa nawa. A gida kuma a fitar da murhu fili ko a buɗe wa madafi taga, a yi amfani da busasshen ice, a koma gas in da hali. Turaren wuta da maganin sauro na kunnawa a rufaffen ɗaki su ma hayaƙi ne. Wannan nauyi bai kamata a bar wa matar da ke tari ita kaɗai ba, maigida da 'ya'ya ne ke da ikon sauya madafi.

Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Kafin ta sauko a tabbatar akwai magani a hannu, a rufe hanci da baki in za a fita, a yayyafa ruwa kafin shara.

Game da azumi, malamai sun yi saɓani. Shaihu Ibn Baz da Shaihu Ibn Usaimin na Saudiyya sun ce mai feshi ba ta karya azumi, wasu malaman sun ce tana karyawa. Mai ciwo ya tambayi malaminsa, ya kuma je wa likita tun a watan Sha'aban, domin maganin sau ɗaya ko sau biyu a yini ana iya daidaita shi da sahur da buɗa-baki. Idan numfashi ya sarƙe da rana, ya shaƙi maganin agaji nan take. Shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame.

Lokacin garzayawa asibiti

Idan haki ya ƙaru, majina ta yi yawa ko ta koma ruwan ɗorawa ko kore, ko zazzaɓi ya shigo, a ga ma'aikacin lafiya a ranar. Idan kuwa mutum ya kasa haɗa jimla ɗaya saboda haki, ko leɓɓansa da faratansa suka sauya launi zuwa shuɗi ko toka-toka, ko ya rikice, ko barci mai nauyi ya riƙa fizgarsa, ko ƙirji ya yi ciwo, ko ya yi tarin jini, ko ya shaƙi maganin agaji bai ji sauƙi ba, ba a jiran gari ya waye. A zaunar da shi ya ɗan sunkuyo gaba, kada a kwantar da shi rigingine, a ba shi na agaji ta gora, a tafi da shi tare da dukkan magungunansa.

Tambayoyin bita

1. Me ya sa fitar da numfashi ya fi wahalar da mai wannan ciwo a kan jawo shi?
2. A kawo sana'o'i uku a garinku da masu yin su ke wuni cikin hayaƙi.
3. Ƙwayar salbutamol mai miligiram 2 ta ninka feshi ɗaya mai maikirogiram 100 sau nawa?
4. Mene ne bambancin maganin agaji da maganin kullum? Wanne ne mai tuyar ƙosai ta ajiye, kuma me ya biyo baya?
5. A jera kurakurai huɗu na tsohon direba, a faɗi gyaran kowanne.
6. Wace inhela ake ja a hankali, wacce ake ja da ƙarfi? Me ya sa ba a hura numfashi cikin mai gari?
7. Gwangwani yana da feshi 200, an fesa 2 a iska ranar farko, ana shaƙar 6 a yini. Kwana nawa zai yi?
8. Wa ya kamata ya kurkure baki bayan shaƙa, kuma don me?
9. A kawo alamomi huɗu da ke sa a kai mai ciwo asibiti ko da tsakar dare ne.
10. Aikin aji: ɗalibai su kasu biyu-biyu, ɗaya ya nuna matakan shaƙar mai feshi da robar da aka cire wa gwangwani ba tare da ya sa ta a baki ba, ɗayan ya duba ya faɗi matakin da aka tsallake.